Ɗinki a Wuyan Baƙar Kaza

Zuru, ranar Laraba

Zuwa ga matata, Maman Praise,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Inna? Yaya gajiyar jinya, yaya kuma mutanen Ribah? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Ban so in ƙara miki damuwa ba, amma baƙar kazarki mai 'yan tsaki tara ba ta da lafiya. Tun Litinin ta daina ci. Ta takure a gindin mangwaro, fukafukai a sake, 'yan tsakin suna kewaya ta suna kuka. Na ɗauka ciwon nan ne mai share kajin unguwa, har na wasa wuƙa. Ba zan ɓoye miki ba. Sai na tuna ita kaɗai ta rage cikin irin da Inna ta ba ki lokacin aurenmu, na ajiye wuƙar.

A haka Madam Ngozika, maƙwabciyarmu mai shago, ta shigo ɗiban ruwa. Ta karɓi kazar, ta buɗe bakinta ta shinshina, ta duba kashinta, ta tambaye ni ko sauran kajin suna ci. Sannan ta kama yatsana ta ɗora a ƙasan wuyan, inda abinci ke fara taruwa. Wurin tauri kamar ɗanyar gwaiba. Ta ce ba annoba ba ce, hanya ce ta toshe. Yanzu ina ɗiga mata man gyaɗa ina murza wurin a hankali. In bai yi laushi ba, gobe za ta zo da reza.

Ki gai da Inna, muna yi mata addu'a.

Mijinki,
Dawuda

Zuru, ranar Lahadi

Maman Praise,

Bayan gaisuwa da fatan Inna tana samun sauƙi. Mun taso daga sujada a coci ke nan na zauna rubuta miki.

Wurin bai yi laushi ba. Ranar Alhamis da hantsi Madam Ngozika ta zo da sabuwar reza, da allura da zare da ta tafasa, da ruwan gishiri. Ni na riƙe kazar. Ta fige gashin wurin, ta tsaga fata, ta tsaga jakar abincin da ke ciki. Zuciyar kazar tana bugawa a tafin hannuna, ƙarama, da sauri, ba ta tsaya ba. Kazar ko motsi ba ta yi, ido kawai ta zuba mini.

Abin da aka zaro dunƙulen zaren buhu ne, ya cuɗe da ciyawa da dawa. Yagaggen buhun da kika ce in ƙone ne, ban ƙone ba.

Ta wanke, ta ɗinke ciki, ta ɗinke waje, kamar mai gyaran aljihun riga. Ta ce haka kakarta take yi a ƙauyensu, kuma ba kowace kaza ke tashi ba.

Kwana biyu kazar tana cikin kwando, ruwa da ɗan koko kawai nake ba ta. Jiya da safe ta miƙe da kanta. Na ajiye mata jiƙaƙƙen tsaki. Ta tsinci ƙwaya ɗaya, na ce to, za ta haɗiye. Sai ta ajiye a ƙasa, ta yi irin kiran nan nata, 'yan tsakin suka sheƙo. Kwana biyar ba hatsi a cikinta, ga ɗinki a wuya, amma sai da ta ga tara ɗin sun ci kafin ta ci. Na daɗe a tsugune a wurin, har shayina ya huce.

Ki ba Inna wannan labari, ki ce mata irin kajinta bai ƙare ba. Ki kuma rubuto mini yadda kike kiransu da yamma, don ni in na kira, ba mai zuwa.

Naki har kullum,
Dawuda