Ni Na Ɗaure Kafaɗar Ɗana Kwana Tamanin

Assalamu alaikum, mai wannan shafi da masu karatu, Allah Ya ƙara muku lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana. Ni ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Maƙwabciyata ce, malamar makaranta, take rubuta mini a wayarta, na kuma ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mini baki. Sunayen ma na canza su. Ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, don babu zagin da za ku yi wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Jiya Alhamis bayan la'asar mu biyar ne a tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ni, da ɗana Sabi'u, da matarsa Hadiza, da ƙanena Iliya da ya zo daga Daurawa, sai ita wannan maƙwabciyar, Maman Tabitha, da ta shigo aron rariya. A cikinmu ni kaɗai na san abin da ya kashe hannun Sabi'u. Amma bari in faro daga tushe.

Sabi'u shi ne autana, mai fenti ne, hannunsa a sama yake wuni yana shafe silin ɗin mutane. Shekara uku da suka wuce ya fara zuwa wani kango a Unguwa Uku inda samari suke ɗaga ƙarfe, wasu ƙarafan ma siminti ne aka zuba a gwangwani aka soka sanda. Na tsani abin nan. Na ga yadda 'ya'yan mutane suke ƙarewa, ƙirji ya buɗe, wuya ya cika, sai lokacin zaɓe ka hango su a bayan mota da gora. Na yi faɗa har na gaji. Ya ce, “Inna, motsa jiki ne fa, likitoci ma suna so.” Na ce likitocin su zo su ɗaga. In ya dawo ina duba ƙwayar idonsa, in Hadiza ta jiƙa wanki ina shinshina rigarsa ko zan ji warin wani abu. Tsakani da Allah ban taɓa samun komai ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Wata Asabar da hantsi abokansa suka kawo shi a adaidaita, gumi kamar an tsamo shi a rijiya. Wai yana kwance a benci yana tura ƙarfe sama, suna zuga shi ya ƙara nauyi, kafaɗar dama ta goce. Hadiza tana jego, kwananta goma da haihuwa, don haka ni na bi shi asibiti. Aka yi masa allurar barci aka mayar da ƙashin. Yana nan kwance bai san inda kansa yake ba likitan ya kira ni gefe, wani yaro da bai girmi Sabi'u ba. Ya ce, “Mama, ki saurara da kyau tunda shi bai farfaɗo ba. Sati uku kawai zai rataye hannun. Daga nan a dawo da shi sashen gashi su koya masa motsa shi a hankali. In aka bar shi a ɗaure, kafaɗar daskarewa za ta yi.” Da Hausa ya faɗa, sau biyu, ba zan ce ban gane ba. Ya ba ni katin dawowa da wata takarda mai zanen mutum yana hawa bango da yatsunsa. Na ce, “Likita, zai iya komawa ɗaga ƙarfen?” Ya yi murmushi, shi a zatonsa daɗi zan ji, ya ce, “In ya bi ƙa'ida, me zai hana?”

Wannan maganar ce ta shiga raina ta zauna. Muna dawowa gida na jefa katin da takardar a murhun ruwan wankan Hadiza. Da Sabi'u ya dawo hayyacinsa ya tambaye ni me likita ya ce, na dube shi ido cikin ido na ce, “Arba'in biyu. Kwana tamanin ba za ka motsa shi ba, kuma ba sai an koma ba.”

Ku gane, shekara talatin ina yi wa matan unguwar nan wankan jego. A wurina jiki ba ya haɗuwa sai da arba'in, na ce wa kaina ai yaron likitan nan bai fi ni sanin jiki ba, ƙarin hutu ba ya kashe mutum. Da wannan na rufe bakin zuciyata. Amma gaskiyar ita ce so nake ƙirjin ya sace, abokan su manta da shi, kangon ya fita daga ransa. Ƙyallen asibitin ma bai ishe ni ba, na ɗauko majanyi na ɗaure masa hannun a ƙirji tamau kamar goyo. Kullum da safe in kwance in gasa da ruwan zafi, in shafa man shanu, in mayar in ɗaure. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa, amma idona yana ɗakinsa. Ranar da ya cika wata guda na kama shi ya zare hannun yana lilo da shi, wai abokinsa ya turo masa bidiyo an ce sai ana motsawa. Na ce, “Waya ce ta haife ka ko ni? Ni da likita muka yi magana ko kai? In ka sake kwance shi ban yafe ba.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah Ya huci zuciyarki, Inna.” Da kansa ya miƙo mini hannun na ɗaure. Wace irin uwa ce take amfani da biyayyar ɗanta ta cuce shi?

Ranar kwana tamanin na kwance. Hannun ya zama kamar muciya. Ya yunƙura zai ɗaga, ya tsaya a daidai ƙirji kamar an buga ƙusa. Na ce sabon kwancewa ne, zai saki. Da ya tayar da sallar azahar ina kallonsa ta labule, hagu ya kai kunne, dama ya tsaya a hanya, ya karkata wuya yana neman ya tarye shi. Wata biyu muna jira ya saki. Ya koma aiki kwana ɗaya, rolar shafa fenti ta faɗo daga hannunsa. Yanzu dama wa wasu fenti yake yi a ƙasa, su suna sama. Hula ma da hagu yake sawa. Ɗiyarsa tana miƙo hannu ya cilla ta sama, sai dai ya yi mata wasa da baki. Ƙarfen kam ya bari. Na samu abin da nake so, ko ba haka ba?

To jiyan nan ya je wani asibitin daban, shi ne ya dawo ya same mu a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya ce mai gashin ta tambaye shi wa ya ce ya ɗaure hannu kwana tamanin, ya ce likita, ta riƙe baki. Ta ce sai ya yi ta zuwa gashi da motsawa, da azaba, shekara ko fiye, kuma ba ta yi alkawarin zai dawo kamar da ba, amma in ya ƙara jinkiri abin ƙara ƙamewa zai yi.

Iliya ya ce, “Kai dai da son asibiti kamar a can aka yanke maka cibiya. Akwai mai ɗori a bayan gari, ƙarti huɗu za su danne ka, ya fizge shi sau ɗaya, ka ji ƙas, shi ke nan.”

Maman Tabitha ta ce, “Haba Kawu, kafaɗa ce fa, ba ƙofar shago ba. Sabi'u, don Allah ka bi maganar mai gashin nan.”

Sabi'u ya ce, “Mama, in koma hannun waɗanda suka kashe ni? Wannan ya ce ɗaure, wannan ta ce don me ka ɗaure. Ga Inna nan, da kunnenta ta ji. Inna, ba haka ya ce ba?”

Duk suka juyo suna kallona. Ni da ake kira shaida in an yi rigima a layinmu, don an san ba na karkata. Na buɗe baki na ce, “Haka ya ce.”

Sabi'u ya ce, “Kun ji. Inna ba ta taɓa ƙarya ba. Wallahi likitan nan ban yafe masa ba, duniya da lahira. Kawu, ranar Lahadi mu je.”

Hadiza ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki tana kuka. Ni kuwa na ci gaba da tankaɗe kamar ba da ni ake ba.

Jama'a, wannan rashin yafiyar a kan wa ta sauka? Bawan Allahn da ya faɗa mini gaskiya sau biyu, ko ni? In na yi shiru, jibi za a danne ɗana a fizge kafaɗar da ta riga ta goce sau ɗaya, Maman Tabitha ta ce tana iya karyewa gaba ɗaya. In na hana shi zuwa, asibiti dai ba zai koma ba muddin yana ganin su suka cuce shi. In kuma na faɗa, da wane ido zai dube ni? Da wane ido Hadiza za ta dube ni, ita da take sa wa mijinta riga kullum? Kuma ko na faɗa, hannun zai dawo ne? Na yi istigfari har bakina ya bushe, amma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa da carbi.

Yau da safe bayan na idar da sallah na ɗora ruwa, na ce yau zan faɗa ko me zai faru. Na ɗauki bokiti na je ƙofarsa. Na same shi zaune da singileti, kafaɗar nan ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce, “Inna, lafiya? Idonki ya yi ja.” Na buɗe baki zan faɗa. Abin da ya fito shi ne, “Juyo, ruwan zai huce.” Na fara gasawa. Ya ce, “Inna, ranar Lahadi da ke za mu je. In kina wurin ba na jin tsoro.” Na ce to.

Saura kwana biyu. Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?