Ƙaramar Tukunyar Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum a wurin aikin nan naka, ya ƙara buɗi, ya raya mana yaran bisa tafarki nagari. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ce dai take yi mini tsiya idan zan hau bene, amma ni da ita mun saba. Kawunka Direba ya rabu da tsohuwar motar nan da ta fi kwana a gareji fiye da kan titi, 'yar wajensa kuma ta sauka lafiya, an samu mace, mai kumatu kamar naka kana jariri. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin na san halinka a waya. Kafin in kai ƙarshen magana ka jera mini "to Inna" guda goma, ka ce ana jiran ka a ofis. Takarda kuwa ba ta da katsewa.

A watan da ya wuce na je wurin Yaya, wato mahaifiyarka. Muryarta ce ban ji daidai ba a waya, ga shi maƙwabciyarta Tela ta gaya mini ta daina fitowa ƙofar gida shan iska da yamma. Na ce gani ya kori ji. Ina tura ƙofar falo wani wari ya tarbe ni. Ba warin shara ba ne, ba na kwata ba, wani tsami ne haɗe da ƙarnin maiƙo, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Gidan da a da tun daga bakin layi ƙamshin suyar albasa ke janyo mutum, har abokanka su riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa neman ka! Na same ta zaune a kujerar marigayi mahaifinka, fuska ta faɗa, ƙafafu sun kumbura har silifas ba ya shiga, ta take bayansa. Na tambaye ta warin mene ne, ta ce ita ba ta jin komai. Hancinta ya riga ya saba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Da na buɗe firiji sai da na ja da baya ina salati. Robobin abincin nan da ka sa kamfani yake kawo mata ne, masu rufin leda, jere tun daga sama har ƙasa kamar bulo. Wanda ta ci rabi ta mayar, wanda ta ɗanɗana ta rufe, wanda ledarsa ta kumbura kamar cikin mataccen kwaɗo. An ɗauke wuta wani lokaci duk suka narke, aka dawo da ita suka sake daskarewa, ruwansu ya tsiyaye ya kwanta a ƙasan firijin, baƙi ƙirin, yana yauƙi. Waɗanda ba su sami wuri a ciki ba suna kan firijin da ƙarƙashin tebur. Na ɗaga ɗaya, kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwa. Wallahi ɗana, ni da na yi jinyar surukata har ta bar duniya ban taɓa toshe hanci ba, ranar sai da na fita tsakar gida na amayar da abin da na karya da shi.

Amma ka san wanda ya fi ba ni tsoro? Ba ruɓaɓɓun ba. Wata roba ce na zaro daga bayan kabad, Yaya ta ce tun farkon fara kawowa ta faɗa can ta kasa janyo ta. Na buɗe, na tarar da abincin yana nan yadda yake, jan nan nasa bai dushe ba, naman yana ƙyalli, ko tururuwa ba ta kusance shi ba. Abincin da ruɓa ma ta ƙi shi, shi ne ake zuba wa 'yar uwata a ciki.

Don kada ka ce na yanke hukunci ban ji ta bakin wanda ake ƙara ba, da motarsu ta kawo sabo washegari na ɗumama guda a na'urar nan da ka saya mata, na zauna na ci. Shinkafar ta jiƙe ta kumbura, kowace ƙwaya kamar an tauna an mayar. Naman kamar soson wanka, ka tauna ka tauna, ba ka san ko na kaza ba ne ko na wata dabbar da ba ta da suna. Gefe ya ƙone ni, tsakiya da sauran ƙanƙara. Gishiri kamar an yi ɓari, a bayansa kuma wani zaƙi-zaƙi marar dalili, man ya kwanta mini a dasashi har yamma ina kurkure baki. Sai na juya kwalin da robar ta zo a ciki, na ga hoton wata mata da ludayi a hannu tana murmushi, an rubuta wai ɗanɗano irin na girkin uwa. Nan fa raina ya gama ɓaci. Matar da ta ciyar da ku, da 'ya'yan dangi, da baƙin mahaifinka da ba sa sanar da zuwansu, ita ake sayar wa girkin uwa a roba!

Na tambaye ta don me ba ta zubar da wanda ba ta ci ba. Ta ce gumin ɗanta ne, da wane hannu za ta kai shi bola? Na ce to don me ba ta gaya maka ba ya ciyuwa? Ta ce duk sanda ka kira, tambayarka ta farko ita ce ko abinci ya iso, kuma tana jin daɗin da ke cikin muryarka idan ta ce ya iso, ba za ta iya rushe maka shi ba. Tana tura 'yan lomomi don kada yunwa ta kayar da ita, sauran ta cike da shayi da burodi. Na kai ta asibiti a ranar. Likita ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba, ya auna jininta ya ce ya hau sosai, ya tambayi abin da take ci. Da na nuna masa kwalin, sai ya ja layi a ƙarƙashin wurin da aka rubuta yawan gishirin, ya miƙo mini.

Ba na cewa mugunta ka yi, Allah ya sani. Na tuna ranar da ta bar tukunya a wuta ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta, hayaƙi ya cika gida har Tela ta ɓalle taga. Na san tsoron da ya kama ka daga nesa, shi ya sa ka sa aka cire tukunyar gas, ka ce kada ta ƙara kusantar wuta. Kowane ɗa nagari zai ji haka. Sai dai garin neman gira an kusa rasa ido. Kuma akwai abin da ba ka sani ba, ni ma sai da na buɗe kicin na ga manyan tukwanenta a kife, yanar gizo ta ɗaure su da bango, sannan ta faɗa mini. Ta ce hanin da ka yi mata sauƙi ya zame mata, domin tun rasuwar mahaifinka da auren ƙanwarka Auta girki ya zame mata azaba. Hannunta bai san awon mutum ɗaya ba. Ta ɗebo shinkafa da niyyar kaɗan, ta sauke ta ga abin da zai ishi gida guda, ta zauna a gabansa ita kaɗai tana kallon kujeru. Ranar da tukunyar ta ƙone ma, babbar ce ta ɗora, ta gaji da jiran ta a kicin shiru ba mai leƙowa ya ce Umma ya nuna?

To ni, ka san tun da Allah ya karɓi mai gidana ni kaɗai nake dafa abina, kuma ban mutu ba. Na ɗaure hanci da ɗankwali na kwashe robobin nan kaf, mai shara ma sai da ya yamutsa fuska ya tambaya ko wani abu ne ya mutu. Na wanke firijin da ruwan zafi da lemun tsami har hannuna ya yi taushi. Na shiga kasuwa na sayo 'yar tukunya wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, da ƙaramin risho mai kai ɗaya, da albasa, tumatir, ƙwai, wake, karas da ɗan kifi. Na jawo kujera na ajiye a kicin dab da rishon, na ce mata wannan tukunyar ba ta ba mutum lokacin barci, kafin shayi ya huce ta nuna, kuma ba a tashi daga kujerar sai an kashe wuta.

Ka zo ka ga rigima. Matar da ta koya mini riƙe wuƙa, yau ni ce nake nuna mata awo da kofin shayi. Ta kalli kofin ta kalle ni, ta ce wannan abincin mutum ne ko na tsuntsu? Ina juya baya ta ƙara wani kofin a ɓoye, tukunya ta cika ta yi ambaliya ta kashe wutar. Na yi faɗa, ta yi faɗa, ta ce tun ina yarinya rowa ce halina. Washegari na kama hannunta a cikin buhu, na buge shi kamar yadda take buge nawa a da. Sai a rana ta uku ko ta huɗu, ina yanka albasa, ta fizge wuƙar ta ce yankan nan nawa kamar na mai faskare, ba a gidanta ba. Ta yanka ta sirara kamar zare, ta soya, ta fasa ƙwai, ta ɗan barbaɗa gishiri da bakin yatsu. Ƙamshi ya tashi, Tela ta leƙo ta taga tana tambaya ko baƙi aka yi. Yaya ta cinye abinta tas, ta sa burodi ta share farantin. Ni kuwa na juya ina wanke wuƙa don kada ta ga idona.

Na yi 'yan kwanaki tare da ita sannan na dawo gida, Tela ta yi alkawarin leƙa ta safe da yamma. Kumburin ya fara saɓewa, silifas ya shiga, likita ya ce a ci gaba da haka tare da maganin da ya rubuta. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba kullum take dafawa da daɗin rai ba, wata ranar ƙwai ne kawai da tumatir. Amma ƙwai da tumatir ɗin ta san daga inda suka fito.

Abin da nake roƙon ka guda biyu ne. Ka kira kamfanin nan ka dakatar da su, domin har yanzu motarsu tana zuwa, ita kuma kunyarka ba ta barin ta mayar. Na gaya wa Tela ta riƙa tare su a ƙofa, amma ba aikinta ba ne. Na biyu, idan ka kira mahaifiyarka, ka daina tambayar ko abinci ya iso. Ka tambaye ta me ta dafa, ka bar ta ta ba ka labari, ko da za ta ɗauke ka tun daga ɓare albasa. Kada kuma ka nuna mata na faɗa maka batun firijin, ranar wanka ce ta sa na buɗe cibi, amma mutuncinta yana nan a hannunmu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ɗana.

Shekaranjiya da hantsi ta kira ni. Ta ce ta dafa wake da ɗan kifi, ta ci, ta leƙa tukunya ta ga babu ko cokali ɗaya da ya rage. Ta ce tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa wanke tukunya ba tare da ta ware wa wani rabonsa ba, ta tsaya da tukunyar a hannu ba ta san ko murna za ta yi ko kuka ba. Na ce ta yi duk biyun, sannan ta jiƙa waken gobe. Ta yi dariya, ta ce ai ta riga ta jiƙa.

Ka gaishe mini da surukata, ka ce mata ina nan ina jiran hotunan da ta yi mini alkawari. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba da ɗan autan nan mai ƙiriniya. Kawunka Direba da iyalinsa suna gaishe ka, Auta da mijinta suna gaishe ka, Tela ma ta ce lallai in sa gaisuwarta. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka fiye da yadda kake yi wa mahaifiyarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ce taka,
Inna Ƙarama