Ku Cire Hotona Daga Shafin Tsofaffi

Zuwa ga Shugabar ƙungiyar da ke ƙidayar mazauna unguwanni tana wallafawa,

Assalamu alaikum. Hajiya, ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya. Sunana Lawali, mai gyaran salula a kasuwar Black Market ta Adjamé a nan Abidjan, gidana kuma a unguwar Treichville.

Ranar wata Talata bayan sallar layya, ma'aikatanku biyu suka zo shagona da takardun tambayoyi. Na ba su kujera da shayi, na amsa komai, har yawan masu cin aceke, dambun rogon nan, a gidana. Suka roƙi hoto, na gyara hula na tsaya.

Da littafinku ya fito, wani maƙwabci ya kawo mini shafin. Don murna na manna shi a ƙofar shago. Sati biyu yana nan kafin ɗiyata Rakiya, wadda ta fi ni Faransanci, ta karanta abin da ke ƙasan hoton. Sai da ta zauna don dariya. Ashe kun sa ni ne a matsayin misalin tsofaffin Abidjan da suka haura saba'in!

Hajiya, shekaruna arba'in da huɗu. Furfurar gado ce, tun ina saurayi take kaina. Ga abin da kuka jawo mini:

Na ɗaya, a jirgin ruwan Treichville wata mai ciki ta tashi ta ba ni wuri. Na ƙi, mutane suka ce Baba ya daina taurin kai.

Na biyu, a masallaci an tura ni sahun gaba, kuma duk rigimar miji da mata yanzu ni ake kawo wa.

Na uku, wanda ya fi ciwo: shekara tara ina tsaron raga a ƙwallon ranar Lahadi ta unguwarmu. Yanzu kyaftin ya ce ba za su ɗauki alhakina ba, sun ba ni riƙon butar ruwa. Wasan ƙarshe saura sati biyu.

Roƙona: ku cire hoton, ku kuma rubuto wa kyaftin takarda mai hatimi cewa kuskure ne, domin ya ce ya fi yarda da bincikenku a kan takardar haihuwata.

Aikinku na da amfani, ban musa ba. Allah ya ƙara basira, ya ja kwananki har ki kai shekarun da kuka ba ni.

Wassalam.

Lawali mai gyaran salula, Adjamé