Maigidana yana bin maƙwabcinmu da asuba, ga baftismar ɗanmu ranar Nowel

Admin barka da aiki, don Allah ka ɗora mini wannan amma ka ɓoye sunana da lambata, don a kartiyenmu, wato unguwarmu, idan aka ce tela Kirista ƴar Dogon Dutsi to an gama faɗin sunana.

Salama gare ku ƴan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Tun farko in faɗa muku ni Kirista ce ƴar Katolika, na san galibinku Musulmi ne, kuma ba gardamar addini na kawo ba, da maƙwabtana Musulmi nake zaune lafiya lau, ranar Layya har rasa inda zan sa nama nake yi. Maganar gidana ce kawai, kuma na rasa wanda zan gaya wa a majami'armu ba tare da ta zaga gari ba.

Muna zaune a gidan haya a Yantala, ni ina ɗinki a gida, maigidana direba ne a wani ofis a unguwar Plateau. Ƴaƴanmu uku, ƙaramin yana goye, shi ne za a yi wa baftisma ranar Nowel, wato Kirsimeti. Maigidana mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya duka, amma a maganar ibada sai a hankali. Mutum ne da sai na ja ƙafarsa ranar Lahadi kafin ya tashi, in mun je majami'a kuma ya nemi kujerar baya kusa da bango, kafin a gama wa'azi ya fara gyangyaɗi, ni ce mai zungurinsa da gwiwar hannu tun muna amare.

To mu a wajenmu makonni huɗun da ke gaban Nowel lokacin jira ne, muna ce masa Aban. Ana ajiye kyandir huɗu, kowace Lahadi a kunna ɗaya, ranar da na huɗu ya kama to Nowel ya ƙaraso. Lahadin farko Mon Per, wato limaminmu, ya yi wa'azi a kan mu zauna a faɗake, kada Ubangiji ya zo ya tarar da zukatanmu suna barci, muna ta hidimar shinkafa da sabon ɗinki mun manta da wanda ake jira. Na juya zan zunguri maigida kamar kullum sai na ga idonsa biyu tar, ya ƙura wa Mon Per ido. Har na yi masa tsiya a hanya, na ce yau wace rana. Bai yi dariya ba.

Washegari ana kiran sallar asuba sai na ji an ƙwanƙwasa tagarmu a hankali. Maƙwabcinmu ne Malam Hamidu, mai sayar da katako a kasuwar Katako, dattijo ne da ba ya rasa jam'i. Maigida ya yi wuf ya tashi, mutumin da ƙararrawar salula take yi har ta gaji bai motsa ba, ya sa riga, na ji yana zuba ruwa a tsakar gida, suka fita tare. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce shi ya roƙi Malam Hamidu ya riƙa tashinsa, yana so ya samu wuri shiru ya yi addu'a kafin ya tafi aiki. Na ce to madalla, amma ni na taɓa ganin irin wannan.

Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya haka ya fara. Rakiyar aboki ce kawai zuwa masallaci, yau ya tsaya a waje, gobe ya zauna a baranda, bai gaya wa kowa ba sai da muka ji an canza masa suna a bakin mutanen gari. Ban ƙi shi ba, yayana ne har gobe, muna zumunci, amma ɓoyewar da ya yi ce ta karya innarmu, ta yi shekara ba ta iya ambatar sunansa ba tare da hawaye ba. Shi ya sa duk wanda zai ce mini zargi ne kawai, to ya sani ni ba daga sama na ɗauko shi ba.

Tun daga ranar na daina barcin asuba. Kafin ladan ya buɗe baki idona biyu, na yi lamo kamar mai barci ina saurare. Ina ƙirga yadda yake zuba ruwan nan, wanke fuska ne ko alwala. In ya dawo in duba goshinsa, in duba gwiwar wandonsa. Rannan ina wanki na ciro carbinsa daga aljihu, irin namu mai gicciye a ƙarshe, sai na ga babu gicciyen, an ɗaure zaren tsaf da ƙulli. Wanda ya gan shi a hannunsa daga nesa ba zai ce na Kirista ba ne. Gaskiya daga baya na tsinci gicciyen a ƙasan bahon wanki, yana yiwuwa ni ce ma na tsinka shi wani wankin. Na jefa shi a aljihun keken ɗinkina na yi shiru, na ce bari in ga ko zai yi cigiyarsa. Har yau bai tambaya ba.

Da abin ya ishe ni na goya yaro na bi su a baya. Suka tafi suna hira ƙasa-ƙasa har ƙofar masallacin kartiye, Malam Hamidu ya cire takalmi ya shiga, maigida ya tsaya. Can sai ya wuce ya gangara wajen lambunan bakin kogi, ya zauna a kan wani kututture, ya sa hannu a aljihu ya sunkuyar da kai. Na tsaya bayan shinge sanyi yana cina har aka sallame, Malam Hamidu ya zo ya same shi suka kamo hanya. Za ku ce to ai shi ke nan. Amma me ya tsayar da shi a ƙofar? Kuma wa ya sani ko ya hango ni ne ya wuce?

Ranar muka yi faɗa sosai, na fito masa a fili na ce in ya bar addininmu ne ya gaya mini da bakinsa, kar in ji a bakin matan famfo. Ya ce shi bai bar komai ba, a ƙofar masallaci yana tsayawa ne ya ga dattijon ya haye matakala lafiya saboda ƙafarsa. Ya ce kunya ce ta kama shi ranar wa'azin nan, tun yana yaro yake jin mutane suna tashi cikin sanyi saboda Allah shi yana ƙara jan bargo, kuma majami'a tana da nisa, a gida kuma daga kukan yaro sai ƙarar kekena. Na ce haka yayana ma ya iya tsara magana. Nan ya ɓata rai, ya ce shekara nawa ina zungurinsa ya farka, yau ya farka kuma na mai da shi ɓarawo.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne baftismar nan. Ranar Nowel iyaye za su tsaya gaban jama'a su yi alkawarin za su rene yaron cikin bangaskiyarmu. In zuciyarsa ta riga ta tafi wani wuri, ƙarya zai yi a gaban Allah da ɗana a hannunsa, kuma innarmu tana zuwa daga Dogon Dutsi takanas saboda ranar, ba zan iya ganin ta sake shan abin da ta sha ba. In kuma na kai maganar wajen Mon Per, za a kira shi a yi masa tambayoyi, wataƙila a ɗage baftismar, kowa ya san dalili, in ya kasance gaskiya ya faɗa mini to na kunyata mijina a daidai lokacin da ya fara neman Allah da kansa.

Jiya Lahadi muka kunna kyandir na uku a gida. Shi ya kunna, ya ce in yi mana addu'a. Na buɗe baki na rasa abin faɗa, ashe duk hankalina yana kan hannunsa, ina jira in ga ko zai yi alamar gicciye. Ya yi. Da yara suka fita sai ya ce mini, ba da faɗa ba, “Maman yara, na san ba barci kike yi ba, ina jin numfashinki, kin riga ni farkawa kullum. To me kike ce wa Allah a lokacin?” Gaskiyar ita ce tun da aka kunna kyandir na farko ban yi addu'ar asuba ko sau ɗaya ba, shi nake gadi. Na ji kunya ƙwarai, amma ko a cikin kunyar wata zuciyar tana ce mini dabara ce ta rufe mini baki.

Yau kuma ya ce gobe in Malam Hamidu ya ƙwanƙwasa in tashi mu tafi tare, in zauna kusa da shi a bakin kogin. Saura kyandir ɗaya, innarmu kuma tana hanya cikin satin nan. Ƴan uwa, in je wajen Mon Per tun kafin Lahadi, ko in bi shi goben? In kuma zan bi shi, in ɗauki gicciyen nan in miƙa masa, ko in bar shi a aljihun keke har sai ya tambaya da kansa? Don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.