Bandar da Ƙuda Ke Tsoro

Birnin Kebbi

Yaya Hodi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na rubuto in yaba maka. Bandar kifin da ka aiko mani daga Argungu ta yi wata biyu a rumfata, ko ƙwaro ɗaya bai huda ta ba. Ƙuda ma sai ya kewaye ta ya sauka kan tumatirin maƙwabciya. Kyanwar kasuwa ta shinshina ta wuce. Kifin da dabba ke girmamawa haka, ai sai mu mutane.

Na nuna wa Sara, mai koyar da kimiyya da ke sayayya wurina. Ta ce garin maganin ƙwarin da kuke barbaɗawa an daɗe da hana shi. Wuta ba ta kashe shi, wanki bai fidda shi. Jiki yake shiga ya zauna shekaru, har cikin nonon uwa. Ka daina, Yaya.

Ƙanwarka,
Laure

Argungu

Laure,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Saƙonki ya iso. Kowane mai banda a bakin gulbin nan haka yake yi, in ba haka ba ƙwari su mai da kifi gari kafin ya kai kasuwa. Kada ki damu da mu, kwandon da muke ci a gida dabam nake ajiye shi, ba na sa masa komai. Ki tsaya ga cinikinki.

Wassalam,
Hodi

Birnin Kebbi

Yaya,

Ina gaisuwa. Madalla da kwandon gida. Sai dai ɗiyarka Humaira ba a gidanka take jego ba, a nan Birnin Kebbi take. Mijinta kullum kasuwa yake zuwa yana neman bandar Argungu, wai ta babanta ta fi daɗi. Ni na hana shi tawa, sai ya koma rumfar gaba, wadda kai ne kake cika ta. Jikanka kwanansa ashirin yana shan nono.

Mu matan layin kifi mun yanke shawara. Duk wanda ya kawo banda, mu za mu zaɓo ɗaya daga tsakiyar kwando ya cinye a gabanmu. Jiya mutum uku suka ce azumi suke.

Laure

Birnin Kebbi

Yaya Hodi,

Barka da sauka gida. Har yanzu ana labarin yadda ka zauna a tsakiyar layi ka cinye tarwaɗa biyu, ta gishiri da hayaƙi zalla, kana zufa. Da kai ka fara, sauran ba su da bakin musu. Yau kwando goma sha ɗaya suka shigo, kowa ya ci nasa. Humaira ta ce a gaishe ka, yaro na ta ƙiba.

Ka ce ka rabu da sauran buhun maganin. Sara ta ce in tambaye ka, a ina ka zubar? Ba dai a gulbi ba?

Ƙanwarka,
Laure