Sabuwar Shekarar Habasha Ta Tare Ni a Gondar

Ya Rufaida, sanyin idona, ruwan farko a kan baƙar ƙasar garinmu Gadarif, ƙamshin da ke tashi bayansa!

Na sani, na sani. Yau Juma'a ce ranar da na yi alkawarin zuwa da baffannina gaban Abbanki neman aurenki, ga ni kuwa a Gondar, zaune kan buhunan gahawa kamar kaza a kan ƙwai. Kafin ki yanke mini hukunci, ya habibti, masoyiyata, ji yadda aka yi.

Da zan sa ranar dawowa na duba kalandar Musulunci, na duba ta Nasara, na ce shi ke nan. Wa ya gaya mini Habashawa na da ta uku? Jiya na isa tasha da sassafe, ko mota ɗaya babu! Wai sabuwar shekara ce, direbobi sun tafi ƙauyukansu, sai Asabar.

Ba zan ɓoye miki ba, bikin ya yi kyau. Duwatsu sun rufe da fure rawaya, ƙararrawar coci na tashi, 'yan mata cikin fararen kaya suna bin gida gida da ganga da waƙa. Mai masaukina Kirista ne, amma ya taka har wurin mahaucin Musulmi ya sayo nama saboda ni. Matarsa ta baza ɗanyar ciyawa a ɗaki, ta dafa gahawa zagaye uku, kuma a nan tashi kafin na uku raini ne. Har rawar kafaɗa suka sa ni. Da kin gani, da kin fasa aurena!

Amma kowane kofi ke yake tuna mini. Kin tuna ranar da kika zo rumfata a suk, kasuwar garinmu, laka ta cinye miki takalmi ɗaya, kika ciji ƙwayar gahawata kika ce ta bara ce? Gaskiyarki, ta bara ce. Tun daga ranar nake ƙetare iyaka neman sabuwa.

Na kira ki sau bakwai ba ki ɗaga ba, shi ya sa na rubuta, zan tura hoton takardar a wayar ƙanwarki Lubna. Na ji Abba zai koma gonarsa a Gadambaliya ranar Lahadi, sai bayan girbi. Ki roƙar mini shi kwana ɗaya. In ya ƙi, wallahi zan bi shi can, in ɗauki fartanya cikin 'yan ƙodago har ya saurare ni.

Fushinsa zan iya ɗauka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yau kin shimfiɗa tabarma, kin ɗora shayi, la'asar ta wuce, kin ce a ranki Uzairu ma maƙaryaci ne. Ki kira ni sakarai, na amsa. Wancan sunan kuwa, don Allah, kada ki bari ya kwana a zuciyarki.

Naki a kowace shekara, ta kowace ƙasa, har ƙarshen numfashi,
Uzairu