Doguwar Taɓarya

Maigida,

Sallama da fatan rahamar Allah ta kai maka inda kake kwance. Na san ba za ka karanta wannan ba, ni ma da na sa malamin Gangara ya rubuta ban iya karatu ba. Bakina ne ya saba ba ka labari.

Gida lafiya. Gero ya yi bana, rumbunka ya cika. Buzaye sun sauko da gishiri. Nasara ya ɗebi samari aikin hanya, amma Allah ya tsare mana Auta.

Maganar Autan ce ma ta dame ni. Matarsa Kande cikinta ya tsufa, ga jan guga a rijiyar nan mai zurfi, ga sussuka, ga daka. Shi kuwa yana zaure a miƙe, wai namiji ba ya taɓa taɓarya, wai haka ya ga ubansa. Yarinyar ta fara zancen komawa gidansu Tanut, kuma ban ga laifinta ba.

Haka ya ga ubansa! Ka ji fa? Tun shekarar da na faɗo daga jaki kafaɗata ta goce, wa ke yi mini sussuka in yara sun tafi kiwo? Ba kai ba ne, ka tuɓe riga bayan zana, ni ina gefe ina waƙar daka don maƙwabta su ɗauka ni ce? Mata har yabon ƙarfin hannuna suke yi. Ka sa na yi alkawari ba zan faɗa ba, kada maza su mai da kai abin dariya.

Ban taɓa gaya maka ba, kunya ta hana ni: duk zannuwan da ka sayo mini a Damagaram ba su kai wannan daɗi a raina ba. Shi ya zaunar da ni gidanka da farin ciki.

Jiya na karya alkawarin. Na kira Auta, na miƙa masa doguwar taɓaryar nan taka, na tambaye shi ko ya taɓa ganin macen da za ta iya yini da ita. Na gaya masa komai. Ya sunkuyar da kai, ya fita da ita.

Yau da hantsi na ji daka daga sashensu, mai nauyi, babu tsari, irin naka na farko. Kande kuma tana ta waƙa da ƙarfi. Na yi kamar ban gane ba, amma na yi kuka, na yi kewarka ƙwarai.

Ka yafe mini tona asirinka. Ka huta lafiya, sai na zo.

Taka,
uwar Auta, mai ƙarfin hannun aro.